Ogunpa Bai Manta Da Hanyarsa Ba: Tarihin Ambaliyar Ruwa A Birnin Badun

Duk wanda ya daɗe a garin nan na Badun, ko da kuwa bai iya Yarabanci ba, da wuya a ce bai taɓa jin kalmar nan "Omiyale" ba. Ma'anarta ita ce ruwa ya shigo gida, kuma suna ne da mutanen gari suka laƙaba wa ambaliyar da aka yi ranar Lahadi 31 ga watan Agusta, 1980, ranar da rafin Ogunpa ya cika ya batse ya bi mutane har cikin ɗakunansu. Yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan da faruwar abin. Yaran da aka goya aka gudu da su a daren sun zama magidanta, wasu ma har da jikoki. Mafi yawan 'yan'uwanmu da ke zaune yanzu a Sabo da Ojo da Shasha da Bodija da Akinyele ba su ga ranar ba, wasunsu ma bara ko bara waccan suka sauko daga Arewa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan rafi, domin mu gane yadda aka yi ɗan ruwan da yaro kan tsallake da rani ya zama abin da ke cin rayuka, kuma mu duba ko mu ma muna da hannu a ciki.

Garin da aka kafa a kan tudu

Badun ɗin da muka sani an kafa shi ne wajen shekarar 1829, a zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa. Sansanin yaƙi ne tun farko, inda mayaƙa daga Oyo da Ife da Ijebu suka taru suka zauna. Su kuwa mutanen da ke tsoron hari ba sa kwana a kwari, don haka sai suka hau tudun Mapo da kewayensa, wurin da kasuwar Oja'ba take har yanzu. Daga nan gari ya bazu zuwa sauran tuddai. Idan mai karatu ya lura zai ga unguwanni da yawa suna farawa da kalmar "Oke", kamar Oke Ado da Oke Bola da Oke Are da Oke Padi da Oke Sapati. To ai "oke" ɗin nan tudu ke nan a harshensu.

A tsakanin tuddan nan akwai kwaruruwa, a cikinsu kuma rafuka suke gudu. Akwai Ogunpa, wanda ya taso daga wajen Ashi, ya biyo ta Agodi, ya ratsa tsakiyar gari ta kasuwar Ogunpa, ya gangara Molete, sannan ya je ya faɗa kogin Ona. Tsawonsa gaba ɗaya bai wuce kilomita 22 ba. Akwai Kudeti da ke zuba a cikinsa, akwai Ogbere ta gabas, akwai Orogun ta arewa, sai kuma shi Ona ɗin ta yamma, wanda aka datse a Eleyele a shekarar 1942 domin samar wa gari ruwan famfo.

Mutanen farko ba su gina gidaje a bakin waɗannan rafuka ba. Wurin wanki ne da ɗibar ruwa da 'yan lambuna, sauran kuma ciyawa da itatuwa. In damina ta yi ƙarfi rafi ya kan fito ya malale fadamarsa, ya kwana biyu ya koma, ba wanda ya yi asarar komai in ban da ɗan lambu. Wato dai tun can asali rafin yana da gado biyu: ƙaramin da yake kwana a kai kullum, da babban da yake miƙewa a kai shekarar da ruwa ya yi yawa. Ka riƙe wannan magana mai karatu, domin duk tarihin da zai biyo baya labari ne na yadda mutane suka hau babban gadon suka kwanta.

Zuwan jirgi da kafuwar Sabo

A shekarar 1893 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Badun. A 1901 hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Ikko, bayan shekara goma kuma ta kai Kano. Wannan shi ya canja fatauci tsakanin Arewa da Kurmi baki ɗaya. Shanun da a da ake korowa a ƙafa wata da watanni sai ga shi ana loda wasu a tarago, goron da ake ɗora wa jakuna kuma sai ya koma tafiya a huhu cikin jirgi. Kakanninmu da suka riƙe wannan sana'a da farko a gidajen Yarabawa suke sauka cikin tsohon gari. Da suka yi yawa sai hukuma ta yanka musu fili a gefen gari kusa da Mokola a shekarar 1916, wanda shi ne Sabo. A lokacin wurin bayan gari ne. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo a 1962 zuwa 1963, ya sami yawansu bai wuce mutum dubu huɗu da 'yan kai ba.

Shi ma garin haka ya riƙa kumbura. Ya zama hedkwatar Jihar Yamma, kuɗin koko ya shigo, an buɗe kwalejin jami'a a 1948, an yi rukunin gidajen Bodija a ƙarshen shekarun 1950, an gina dogon benen nan na Koko a Dugbe a 1965. Ƙidayar 1952 ta ce mutanen Badun sun kai kimanin 459,000. Ta 1963 ta ce sun haura 627,000. Sai kuɗin man fetur ya zo a shekarun 1970, aka ƙirƙiro Jihar Oyo a 1976, aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978. Kafin ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi goma sha ɗaya da suka haɗu suka yi Badun sun ɗauki mutum fiye da miliyan biyu da rabi.

To ina za a zuba wannan jama'a? Tudu dai ba ya ƙaruwa. Masu hali da 'yan asalin gari sun riga sun kama saman. Wanda ya zo daga baya sai gangare, wanda ya biyo bayansa sai kwari, na ƙarshe kuwa sai ya cike bakin rafi da shara da jar ƙasa ya kafa ɗakinsa. Fili a nan ya fi araha, kuma yana kusa da kasuwa. Amma fa Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Abin da kwano da siminti suke yi wa ruwan sama

Akwai abin da ya kamata mu fahimta a nan, domin shi ne gishirin maganar. Ruwan sama idan ya sauka a daji, ganye yana tare wani, ciyawa tana riƙe wani, ƙasa tana shanye mafi yawa, sauran kuma ya gangara rafi a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa a kan kwano ya sauka, ko kwalta, ko tsakar gidan da aka dafe da siminti, ba abin da ke shanye shi. Nan take zai bi indararo ya faɗa kwata, kwata ta kai shi rafi cikin 'yan mintoci.

Bari mu yi ɗan lissafi. Masu auna ruwan sama da milimita suke aunawa. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ɗauki gida mai rufin mita goma-goma. Idan aka yi ruwa milimita 100, rufin nan kaɗai zai zubar da lita 10,000, wato duro hamsin irin na lita 200. Yanzu hau hasumiyar Bower da ke kan Oke Are ka dubi jajayen kwanukan Badun iya ganinka, ka riya a ranka kowane ɗaya yana zubar da duro hamsin a lokaci guda, kuma duk kwari ɗaya za su nufa.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, shi kansa rafin an matse shi. An gina katanga a bakinsa ta dama da hagu, an ɗora gadoji masu ƙananan kwalbatoci, sannan aka mai da shi juji. Al'adar nan ta fito da shara a zuba a kwata da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita, ba yau aka fara ba, kuma kada mu yaudari kanmu, ba Yarabawa kaɗai ke yi ba. A da sharar ganye ce da ke ruɓewa. Da leda da roba suka zo sai ta zama abin da ke toshe bakin gada ya tare ruwa kamar dam, in ya fi ƙarfin wurin kuma ya ɓalle gaba ɗaya. Na uku, dazuzzukan da ke kan tuddai, irin su dajin Agala, an yi ta sare su ana itace ana gine-gine, ƙasa ta riƙa zaizayewa tana cike cikin rafi da yashi.

Gargaɗin da ba a ji ba

Ruwa bai yi wa Badun shigar sauri ba, sai da ya yi sallama sau da yawa. An yi ambaliya a 1960, gidaje suka rushe. An sake yi a 1963. A watan Afrilu na 1978 Ogunpa ya sake fitowa, wannan karon ya kashe mutum fiye da talatin, ya yi ɓarna a wajen kasuwar Ogunpa da Omitowoju da Molete. Kowane karo hukuma ta kan kai ziyarar jaje, a yi maganar faɗaɗa rafi da hana gini a bakinsa, da rani ya shigo kuma sai a manta. Waɗanda ɗakunansu suka faɗi su kan tattara bulo su sake ginawa a daidai inda na da yake, domin ba su da wani filin.

Ranar Omiyale

Sai ranar 31 ga Agusta, 1980. An yi ta sheƙa ruwa na sa'o'i masu yawa ba ƙaƙƙautawa, har ma'auni ya nuna milimita 274. Don mai karatu ya gane girman abin, wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da Badun kan samu a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Kano kan samu a damina guda. A lissafinmu na ɗazu, rufin nan mai mita goma-goma ya zubar da duro 137 a wannan ruwa kaɗai.

Ogunpa ya taso tun daga sama, ya share lambun shaƙatawa na Agodi da aka buɗe a 1967, ya gangaro tsakiyar gari. Ya shiga kasuwa ya kwashe kayan 'yan tireda, ya ture motoci, ya rusa gidajen ƙasa a kan masu su, ya karya gadoji. Oke Padi, Ogunpa, Oke Ado da Molete duk sun sha wuya. Da gari ya waye aka shiga tsamo gawawwaki daga cikin laka da ɓaraguzai, aka samu fiye da ɗari, wasu rahotanni ma sun kai adadin mamatan ga ɗari uku. Kimanin mutum 50,000 ne suka rasa wurin kwana. Cif Bola Ige ne Gwamnan Jihar Oyo a lokacin, kuma Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya zo da kansa ya ga ɓarnar. Daga Sabo zuwa kasuwar Ogunpa tafiyar ƙafa ce, saboda haka dattawanmu da suka ga wannan rana ba a jarida suka karanta ba, da idonsu suka gani.

Bayan wannan sai aka tashi haiƙan da maganar gyara rafin, wato a yashe shi, a faɗaɗa shi, a dafe gefensa da kankare. Amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, na soja da na farar hula. Sai bayan shekara ashirin da wani abu, da taimakon Gwamnatin Tarayya, sannan aka ga babban magudanin kankaren nan da ke ratsa tsakiyar gari a yau. Aiki ne mai kyau, kuma ya yi amfani. Sai dai kafin a gama shi gari ya riga ya wuce Ogunpa ya hau kan sauran rafukan.

Ruwa ya dawo ta wata ƙofa

Ranar Juma'a 26 ga Agusta, 2011, cikin goman ƙarshe na watan azumi, ruwa ya kece da yamma. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke kusa da Ojo ta auna milimita 187.5 cikin 'yan sa'o'i. Wannan karon kogin Ona da su Orogun da Ogbere ne suka fi yin ta'adi. Ruwa ya fi ƙarfin madatsar Eleyele ya lalata mafitarta. Gadar Apete ta karye, mutanen unguwar suka yanke daga gari. Odo-Ona da Oke-Ayo da Oluyole da wajen Agbowo sun ga tashin hankali, ruwa ya shiga Jami'ar Badun ya yi ɓarna har a gidan namun dajinta. Ƙungiyar Red Cross ta ce aƙalla mutum 102 suka rasu. Sanata Abiola Ajimobi ne Gwamna, bai fi wata uku da hawa kujera ba, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya kawo ziyarar jaje.

Yanzu mai karatu ka aza shekarun nan biyu a ma'auni. A 1980 ruwan milimita 274 ne. A 2011 kuwa 187.5 ne, wato kimanin kashi biyu cikin uku na wancan. Amma duk da haka an sake rasa rayuka sama da ɗari, kuma ɓarnar ta kai unguwannin da a 1980 yawancinsu gonaki ne da daji. Da a ce ruwan 2011 ya sauka a kan Apete ta 1980, da rogo da masara zai kwantar. Abin da ya canja a tsakani shi ne yawan mutanen da suka shiga hanyarsa, da yawan kwano da simintin da ke tura shi ƙasa da gudu.

Bayan wannan an shafa wa gidaje da yawa jan fenti na rusau, an rushe wasu, an bar wasu. A shekarar 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 domin shirin magance ambaliya a Badun, wanda da shi aka gyara madatsar Eleyele, aka sake gina gadoji da kwalbatoci da dama, aka yashe rafuka. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2023 zuwa 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan sare wani yanki na dajin Ogunpa da ke bayan lambun Agodi domin yin rukunin gidaje, inda masu kishin muhalli suka tunatar da jama'a abin da ya faru a 1980.

Mu kuma ina muka tsaya?

Wani zai ce, to Malam, wannan ai matsalar 'yan gari ce da gwamnatinsu, mu baƙi ne, nema ya kawo mu. Wallahi wannan magana ita ce ta fi ba ni tsoro, domin baƙo shi ne na ƙarshen zuwa, na ƙarshen zuwa kuwa shi ke samun filin da kowa ya ƙi.

Sabon mutum dubu huɗu ya daɗe da cika. Farin da aka yi a Arewa a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya koro 'yan ci-rani da yawa Kurmi, wasu suka zo ba su koma ba. A 1987 aka mai da 'yan kayan abinci kasuwar Bodija, jama'armu suka bi su. Shasha ta zama matattarar tumatir da albasa da tattasai, bayan rikicin watan Fabrairu na 2021 kuma wasu suka koma wajen Akinyele. Daga 2009 zuwa yau rashin tsaro a Arewa maso Gabas, daga baya kuma a Arewa maso Yamma, ya ƙara turo matasa, masu acaba da 'yan gwangwan da masu sayar da ruwa a kura da masu wankin takalmi. Ka tambayi kanka ina waɗannan yara suke kwana. Da yawansu a 'yan rumfunan katako da kwano ne a bayan kasuwa, ko gefen magudani, ko ƙarƙashin gada, mutum goma a ɗaki guda, a kan tabarma a ƙasa. Wanda ya zo da rani ya ga ɗan rafi kamar fitsarin yaro, ina zai san cewa a watan Agusta ruwan nan yana iya shafe kan mutum a tsaye? Ɗan gari kakarsa ta ba shi labarin Omiyale. Shi wa zai ba shi, in ba mu ba?

Haka kuma kada mu ɗauka abin na Kurmi ne kawai. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. A cikin birnin Kano kuwa kududdufan da kakanni suka bari suna tara ruwan damina an cike da yawansu an yi gini a kai, yanzu ruwan a kan titi da cikin gidaje yake kwana. A 2012 ambaliyar da ta biyo Neja da Binuwai ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600, hanyar Lakwaja ta nutse, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye da kaya suna ruɓewa. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994, a lokacin da garin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Mokwa, garin da duk direban da ke sauko mana da kaya ta hanyar Jebba ya san shi. Da asubahin ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya auka wa garin mutane suna barci. A kwanakin farko kaɗai an tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, wasu da yawa kuma ba a gan su ba. Unguwanni biyu da suka fi shan wuya su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Ka ji sunan da kyau mai karatu, Unguwar Hausawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke hannunmu

A 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai. A 2006 sun kai miliyan 140, yanzu kuma sun haura miliyan 200. Masana yanayi sun nuna cewa ɗumamar duniya tana sa ruwa ya riƙa zuba da yawa a lokaci guda. Ba mu da ikon hana gari girma, ba mu da ikon hana hadari haɗuwa. Yashe kogi da gina gada da hana sayar da filin fadama kuma aikin hukuma ne, namu shi ne mu riƙa tuna musu ta bakin shugabanninmu, tun da muna biyan haraji kuma muna da ƙuri'a. Amma akwai abubuwan da ba sai mun jira kowa ba.

Wanda zai sayi fili ko ya kama haya, ya je ya duba wurin da damina, a watan Yuli ko Satumba, kada ya tsaya ga ganin rani. Ya dubi katangun maƙwabta, domin ruwa ya kan bar zanensa a jikin bango. Ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a 1980 da 2011. In filin ya cika araha fiye da na kusa da shi, to ya tambayi dalili, ruwa ba ya tsami banza.

Fatomomi da masu masauki da shugabannin 'yan acaba da na kasuwa, ku ne baƙo ke fara gani. Kamar yadda kuke nuna masa masallaci da inda zai ci abinci, ku nuna masa inda ba a kwana in hadari ya haɗu, da tudun da zai nufa in ruwa ya taso da dare. Masu ajiye buhunan wake da albasa da masara su ɗaga kayansu a kan katako, kada jarin shekara ya tafi a dare ɗaya. Takardun fili da na makarantar yara a sa su a leda a rataye sama.

Matasanmu kuma su riƙa fitowa gayya kafin faɗuwar damina a yashe kwatocin unguwa, kowane gida ya san gabansa. Iyaye mata su hana yara kai shara magudani, domin ledar da ka jefa a ƙofar gidanka a bakin gadar wani za ta tsaya. Direba da ɗan acaba kada su kuskura su shiga ruwan da ke gudu a kan gada, wanda bai kai gwiwa ba ma yana iya kayar da ƙato, in ya ɗan ƙaru ya ɗaga mota. Sannan hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da gargaɗi kowace shekara kafin damina. Ya kamata ƙungiyarmu ta riƙa samo shi, a fassara da Hausa, a sanar a masallatai da kasuwanni yadda ake sanar da ɗaurin aure.

Wasu kan ce ai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya ɓata tawakkali. Mutanen da suka kafa garin nan a kan tudun Mapo sun bar wa rafi fadamarsa, shi ma ya bar su suka yi barci. Kakanninmu da suka sauka Sabo a 1916 sun bar mana suna mai kyau da sana'a da wurin zama. Ya rage namu mu bar wa na bayanmu ɗakin da ruwa ba zai tashe su da tsakar dare ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan ambaliyoyi, namu da na maƙwabtanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa. Amin.